Tanimu Tela da Jadawalin Ƙarfe Huɗu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran agogo a jikin shagon Tanimu Tela, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma in ana raba ladan haƙuri a kasuwar nan to ni ya kamata a fara kira. Ba wai ɗinkinsa ne ba kyau ba. Ka ba Tanimu shadda, zai fitar maka da rigar da in ka shiga taro sai an ja ka gefe an tambaye ka wa ya ɗinka. Abin da ke akwai shi ne, taron zai zo ya wuce rigar ba ta fito ba. Ni mutum ne mai sana'ar minti da daƙiƙa, sai Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wanda a wurinsa gobe da baɗi duk ɗaya ne.

Yadda yake yi wa masu kaya kuwa na haddace shi kamar karatun allo. Mutum zai shigo ransa a ɓace. Tanimu ba zai ɗago kai daga kan keke ba, ƙafa na taka feda, baki na aiki. Zai yi maka sannu da zuwa, ya nuna maka benci, ya tura maka ruwan leda mai sanyi, ya tambayi iyali da yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ka haifa ba. Sai ka gama shan ruwan ka huce, sannan ya ce, “Ai naka an gama. Saura guga. Ka dawo jibi.” Alhali ni in na leƙo daga rumfata ina hango yadin a ƙarƙashin tebur, cikin ledar da aka kawo shi, almakashi bai taɓa sanin da zamansa ba. Ranar jibin kuma Tanimu ya tafi Kano sayen zare. Ni ake tararwa, ni ake zazzage wa, kamar da ni aka yanka yadin.

A cikin masu sintirin nan akwai wani bawan Allah da nake jin tausayinsa fiye da kowa. Siririn mutum ne, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Sunansa Malam Isiyaku, na sani ne don ya taɓa kawo mini agogonsa na sa masa batir. Farar shadda ya kawo wa Tanimu tun farkon azumi. Ƙaramar Sallah ta zo, ya je Idi da tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa wadda wuyanta ya fara cinyewa. Babbar Sallah ta zo, ya koma da ita. Duk bayan mako biyu zai zo a kan tsohon babur, ya zauna a benci, ya sha ruwan leda, a ce masa saura guga, ya ce, “To, Allah ya kai mu,” ya tafi. Ko sau ɗaya ban ji ya ɗaga murya ba. Ina da yaƙinin da za a jera mutum uku a ce Tanimu ya nuna shi, ba zai iya ba, don bai taɓa ɗago kai ya kalle shi ba.

To, ana cikin haka Tanimu ya sayo sabuwar dikodar talabijin, irin mai naɗar shiri. Daga ranar kasuwa ta shiga uku da labarinta. Ya ja ni har gida ya nuna mini, kuma gaskiya abin ya burge ni. Ka danna madanni ɗaya a rimot, sai jadawali ya shimfiɗu a fuskar talabijin: tashoshi jere daga sama zuwa ƙasa, awowi jere a kwance, kowane shiri a cikin ɗan akwatinsa da sunansa da lokacinsa. Kana iya matsawa ka leƙa na gobe da na jibi. In ka ga wanda kake so, ka danna jan madanni, sai jan ɗigo ya fito a jikin akwatin. Shi ke nan. Ko kana Kano sayen zare, lokacin na yi na'urar za ta ɗauka ta ajiye maka. Har sola ya haɗa mata don kada wuta ta ba shi kunya.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne wa'azin da ya biyo baya. Kullum da safe sai ya leƙo rumfata.

“Mai'agogo, ka ga inda mutanen can suka fi mu. An rubuta ƙwallo ƙarfe uku, wallahi ƙarfe uku alƙalin wasa zai busa. An rubuta labarai ƙarfe biyar, biyar ɗin ne. Mu abin da ya kashe mu a ƙasar nan rashin cika alkawari.”

Yana wannan magana yana zaune a kan yadin wani ango da aka ɗaura wa aure makonni uku da suka wuce. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ni ne zan ci gaba da zama da shi, na mayar da kai kan agogon da ke hannuna.

Sai ga zaɓen shugaban ƙungiyar teloli ya ƙarato. Su telolin garinmu ba sa jefa ƙuri'a. Dattawa biyar ne suke zama, Baba Ɗanlami Sarkin Ɗinki a tsakiya, su tattauna, su nuna mutum ɗaya, kowa ya ce amin. Shugaban kuwa shi ke raba ɗinkin kayan makarantu, shi ake sa wa kujera a gaba in ana taro, shi ake kira ranka ya daɗe. Shekara takwas Tanimu yana mafarkin kujerar nan. A wannan karon abokin takararsa wani Maikano ne, wanda ɗinkinsa bai kama ƙafar na Tanimu ba, amma in ya ce Talata, to ba ya wuce Alhamis. A wurin teloli wannan kusan waliyyi ne.

Tanimu ya san inda rauninsa yake, sai ya nemo dabara. Gidan talabijin na garinmu, ba sai na kama suna ba, yana da wani shiri na masu sana'ar hannu, wai shi Guminmu. Ya bi ta nan ya bi ta can har aka zo da kyamara shagonsa aka yi hira da shi ta rabin awa. Ya sha babbar riga, wadda na tabbata ta wani ce da aka ce wa saura guga, ya kafa hula, ya yi ta zuba. Kan maganar tasa kuwa, wai muhimmancin cika alkawari a sana'ar ɗinki. Ina jin sa ta bango, sai da na soke kaina da ɗan sukudireba don kada dariyata ta shiga kyamara.

Ranar Litinin ya buɗe jadawalin dikodarsa, ya matsa zuwa Laraba, ga shi nan ɓaro-ɓaro: ƙarfe huɗu zuwa huɗu da rabi, Guminmu. Ya danna jan madanni, jan ɗigo ya fito. Ya kira ni ya nuna mini ɗigon kamar an yi masa haihuwa. Sannan ya bi dattawan nan biyar gida-gida ya gayyace su cin abinci ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su zo su ga yadda ya ɗaga darajar teloli a idon duniya. Ranar Asabar bayan la'asar kuma su zauna su nuna shugaba.

Za ka ce me ya hana shi zama ya kalli shirin da idonsa ranar Larabar? Ai Laraba ita ce jibin mutum huɗu. Tun da sassafe ya kama hanyar Kano.

Matarsa Dije ita kaɗai ta leƙa falo da ƙarfe huɗun. Da ya dawo ranar Alhamis, a gabana ta tare shi a ƙofar gida.

“Malam, da dai ka kunna abin nan ka duba kafin baƙi su zo.”

“In duba me? Ba ga jan ɗigo ba?”

“Ni dai abin da na gani…”

“Dije, ke da ko madannin ƙara murya ba ki sani ba, ke za ki koya mini dikoda? Wannan ba mutum ba ce da za ta ce maka huɗu ta yi biyar. Je ki ji da kajinki.”

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “To.” Na daɗe da aure, na san irin wannan to ɗin.

Juma'a ta zo. Dattawa biyar suka zauna a kan kafet, ga shinkafa da miyar kaji, ga zoɓo mai ƙanƙara. Maikano ma ya zo, ba a gayyace shi ba, wai ya biyo Sarkin Ɗinki ne ya riƙe masa takalmi. Ni ina daga bakin ƙofa. Tanimu ya miƙe da rimot a hannu, ya yi ɗan jawabi a kan zamani da ci gaba, ya shiga jerin abubuwan da aka naɗa. Ga sunan nan, Guminmu, Laraba, ƙarfe huɗu. Ya ce bismillah, ya danna.

Wani ƙaton mutum ya bayyana da jar hula da kwalabe jere a gabansa, yana riƙe da wata saiwa mai kama da rogo. Ko sallama bai tsaya yi ba.

“Mai fama da basir, ina kake? Mai tsiro, mai jini, mai sa ka zauna a gefe ɗaya kamar an aiko ka…”

Hannun Sarkin Ɗinki ya tsaya tsakanin kwano da baki. A ƙasan hoton kuwa dikoda ta rubuta Guminmu da manyan baƙaƙe, ba ta da ko shakka.

Tanimu ya ce talla ce, yanzu za ta wuce. Minti biyar, mai magani ya gama da basir ya shiga sanyin mara. Minti goma, ya kai ga abin da ba a faɗa a gaban surukai, yana yi yana kwatantawa da saiwar. Gumi ya keto wa Tanimu ta ƙarƙashin hula. Ya danna madannin gudu, mai magani ya riƙa wutsil-wutsil da hannuwa yana ɗaga kwalabe yana ajiyewa. Ya saki madannin, mutumin yana nan, yanzu ma ya kira wani tsoho yana ba da shaidar yadda ya warke.

Ɗaya daga cikin dattawan, Alhaji Barau, wanda tun da ya zo yake zaune a karkace, ya ce, “Kai Tanimu, dakata. Mayar da shi baya kaɗan, wurin lambar wayar nan.”

Haka aka yi ta tafiya har agogon da ke ƙasan hoton ya nuna huɗu da minti ashirin da tara. Sai mai magani ya ɓace, aka saki kiɗan buɗe shiri, ga keken ɗinki, ga almakashi, ga Tanimu ya cika fuskar talabijin da babbar rigar mutane. Ya yi tsalle ya nuna da rimot.

“Ga ni nan. Ga ni nan, Baba.”

Tanimun cikin talabijin ya gyara hula, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya ce, “Ni Tanimu, a rayuwata, in na ce wa mutum gobe…”

Ɗif. Hoto ya tsaya, aka komo jerin sunaye. Huɗu da rabi ta cika, dikoda ta rufe aikinta. An ce mata huɗu zuwa huɗu da rabi, ba ta ƙara daƙiƙa ba, ba ta rage ba. A matsayina na mai gyaran agogo, ban taɓa ganin na'urar da ta burge ni kamar ranar ba.

Tanimu ya sauke rimot. Can Maikano ya yi gyaran murya daga wajen takalma, ya ce, “Ai ba sai ya ƙarasa ba, Baba. Duk garin nan an san sauran.”

Dattawa suka tuntsire da dariya, har Alhaji Barau ya manta ya zauna daidai, ya yi ƙara ya koma karkacensa. Daga tsakar gida na jiyo Dije tana kankare tukunya da wani irin nishaɗi.

Sarkin Ɗinki mutum ne mai adalci, kuma ya ci kaza. Ya wanke hannu, ya ce, “Tanimu, mun ga fuskarka, ba mu ji bakinka ba. Gobe bayan la'asar za mu zauna. In ka kawo mana hirar nan cikakkiya kafin lokacin, za mu kalla, mu sa ta a ma'auni. In ba ka kawo ba, to abin da muka gani yau shi muka gani.”

Asabar da hantsi Tanimu ya tsaya a kaina, idanu jajur, wai in kai shi gidan talabijin a babur ɗina. Da na so in ƙi. Amma shekara goma sha ɗaya ina karɓar zagin da ba nawa ba, na ga bai kamata a yi wannan kallo ba ni ba. Ya sayi filashi sabo a hanya, wanda za a zuba masa shirin a ciki. Tun daga kasuwa har ƙofar gidan talabijin yana faɗa a bayan kunnena, yawunsa na sauka a wuyana.

Mai gadi ya nuna mana wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, ya ce mai tsara jadawalin shirye-shirye yana ciki, kuma duk wanda ke son kwafin shiri sai da sa hannunsa. Tanimu ya banka ƙofa ko sallamar kirki babu.

Mutumin yana zaune ya sunkuyar da kai a kan kwamfuta yana dannawa. Siriri, da tsohuwar riga mai ruwan ƙasa wadda wuyanta ya cinye, da tabarau ɗaure da baƙin zare. Na ja da baya na jingina da bango, na gode wa Allah da ya sa ban ƙi zuwa ba.

Tanimu bai gane shi ba. Ta yaya zai gane shi?

“Kai ne mai jadawali?”

“Ni ne. Sannunku da zuwa,” in ji Malam Isiyaku, bai ɗago kai ba. “Ga benci nan.”

“Ban zo zama ba. Kun rubuta ƙarfe huɗu. Ba a baki kuka faɗa ba balle ku ce an ji ba daidai ba, rubutawa kuka yi, duk duniya tana gani. Na dogara da maganarku, na tara dattawa, na yanka kaji, kuka sa mini mai maganin basir. Wane irin rashin amana ne wannan? Mutum ya ba ka lokaci, ka shirya a kan lokacin, ka zo ka tarar da wayam. Kun san irin kunyar da kuka ba ni? Kun san yadda mutum yake ji ya tsaya a gaban jama'a ba shi da abin da aka yi masa alkawari?”

“Na ɗan sani,” in ji Malam Isiyaku. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur, ya ɗauko ruwan leda, ya turo shi bakin teburin, idonsa na kan kwamfuta. “Sha ruwa, akwai rana. Ya iyali?”

“Lafiya. Ni dai…”

“Ya yara?”

“Suna lafiya. Malam, ga filashi, ka zuba mini shirin. La'asar ake zama.”

“Ya mai sunan Baba? Ya jikin nasa?”

“Ba ni da wani mai sunan Baba.”

“Allah ya kawo shi.”

Tanimu ya dube ni, na dubi silin. Ya ga faɗa ba zai fisshe shi ba, ya zauna a bencin, ya fasa ruwan ya sha, ya sauke murya. Ya shiga ranka ya daɗe da Allah ya ƙara girma. Ya ba da labarin kujerar da shekara takwas yana nema, da Maikano, da Sarkin Ɗinki, da abin da za a riƙa kiran sa a kasuwa in ya koma hannu rabbana. Har tausayi ya fara kama ni, kaɗan dai. Malam Isiyaku yana ta danne-dannensa yana gyaɗa kai.

“Wane shiri ka ce?”

“Guminmu, na ranar Laraba. Hira da Tanimu Tela.”

“Oho, na cika alkawarin nan. Na kalle shi, ya yi ma'ana ƙwarai.” Ya karɓi filashin, ya jefa shi cikin wata leda a ƙarƙashin tebur. “Ka dawo jibi.”

Tanimu ya zabura. “Jibi? Ranka ya daɗe, yau ne zaman, nan da awa biyar. Shirin da aka riga aka gama, aka watsa, kowa ya gani, me ya rage a cikinsa kuma?”

Sai a lokacin Malam Isiyaku ya ɗago kai. Ya gyara tabaransa, ya ɗan ja cinyayyen wuyan rigarsa da yatsa biyu, ya dubi Tanimu ido cikin ido.

“Ai naka an gama, Malam Tanimu. Saura guga.”